Hoton da na ɗauka a Kuttanad

Ni mutumin tudu ne. Ban iya iyo ba, kuma ruwa mafi girma da na sani a yarinta shi ne kududdufin bayan unguwarmu, wanda iyaye suka hana mu kusanta. Saboda haka, lokacin da nake karatun digiri na uku a Indiya, da abokai suka ce mu je jihar Kerala mu kwana a kan ruwa, sai da na yi kwana uku ban ba su amsa ba.

Garin Alappuzha yana gaɓar Tekun Larabawa, a kudu maso yammacin ƙasar, amma ba tekun ake zuwa gani ba. A bayan gaɓar tafkin Vembanad yake kwance, koguna irin su Pamba da Meenachil suna zuba a cikinsa, ga kuma hanyoyin ruwa da suka ratsa ƙauyuka kamar lungunan birni. Igiyar teku ba ta isowa nan. Ruwan lumui yake, har na manta da tsorona kafin la'asar.

Jirgin da muka yi haya irin wanda suke kira kettuvallam ne. Asalinsa na dakon shinkafa ne, ana ɗaure katakonsa da igiyar ɓawon kwakwa maimakon ƙusa. Da motoci suka ƙwace dakon, sai aka mayar da jiragen masaukin baƙi, da ɗakin kwana da mai dafa abinci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gonakin Kuttanad. Ina zaune a jirgi ina leƙen shinkafa a ƙasana, domin gonakin sun fi teku gangarawa, a wasu wurare da fiye da mita 2. Ganuwar laka ce ke tare ruwan, injuna kuma suna kwashe wanda ya kwanta. Wanda ya taso inda ake roƙon ruwa zai daɗe yana kallon manoman da aikinsu korar sa ne.

Da asuba muka sauka cikin ƙaramin kwalekwale, muka shiga wani siririn mashigi da kainuwa ta kusa toshewa. Gidaje a jere a bakin ruwa, kowane da matakalar dutse. A kan wata matakala wata tsohuwa tana wanke tukwane, zanenta a ɗage zuwa gwiwa, hasken safiya yana bayanta. Ban san lokacin da na zaro waya ba. Na ɗauka. Ta ɗago kai ta dube ni, ba fushi ba murmushi, sannan ta sa hannu ta kore wani maiƙon man inji da ke yawo a saman ruwan, ta ci gaba da wankinta. Jiragen baƙi irin namu ne ke zubar da wannan man.

Na san wannan kallon. Na sha ganin sa a fuskokin dattawan marinar Ƙofar Mata a Kano, idan Turawa suka tsaya a kansu da kyamara ba ko sallama. Na sha yi wa ɗalibaina dogon bayani a aji game da baƙon da ke mayar da wahalar mutane abin ado. Ashe abin da ya hana ni aikata haka a da, rashin kuɗin tafiya ne kawai. Ba na cewa a daina zuwa. Mai tuƙa kwalekwalenmu da kuɗin baƙi yake biya wa 'ya'yansa makaranta, shi ya faɗa mini da bakinsa. Amma ƙofar gidanta ce, ni kuwa na shiga ban yi sallama ba.

Washegari na rabu da abokaina, na hau jirgin haya na gwamnati tare da ma'aikata da 'yan makaranta. Ni kaɗai ne baƙar fatar Afirka a ciki, ga hula zanna, ga rigar kariya da na ɗaure har wuya. Wani yaro ya daɗe yana satar kallona. Can ya matso da wayar mahaifinsa, ya gaishe ni, ya tambaya cikin Turancinsa na makaranta ko na yarda ya ɗauke ni hoto.