Daga Kano Zuwa Jidda: Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Fiffike

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400. Jirgin da ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, in ya miƙe ba tare da yada zango ba, yakan cinye wannan tazara cikin kamar awa 5. Da yake agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, maniyyacin da ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka daidai asubahin Jidda. Mafi yawanmu barci muke yi a hanya, mu farka mu ga fitilun gaɓar Bahar Maliya.

Wannan ƙasa da muke ƙetarewa cikin barci, kakanninmu da ƙafa suka auna ta. Daga Kano sukan nufi Barno, su haye Chadi ta Abeshe, su shiga Darfur ta Alfashir, su bi ta Al'ubayyid zuwa Khartum, sannan su gangara Sawakin su hau jirgin ruwa. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago na damina ɗaya ko biyu kafin a ci gaba. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu kuma ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun bi wannan hanya ta gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Jikokinsu suna can har yau.

Da jirgi ya zo, sai muka ɗauka mun rabu da hanyar ƙasa da duk abin da ke cikinta. A watan Afrilun 2023 muka gane kuskurenmu. Yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana inda take, amma awanni suka ƙaru, man da jirgi ke sha ya ƙaru, tsadar tafiyar ta faɗo a kan maniyyaci.

Abin da ya dame ni shi ne, ƙarin kuɗin muka fi yi wa kuka. Garuruwan da suka shayar da alhazanmu ruwa, suka ba su masauki, suka binne waɗanda ajali ya riska a hanya, su ne yaƙi ya ɗaiɗaita. Cikin masu gudun hijira akwai waɗanda Hausa ce harshen gidansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Da alama tun da muka daina taka ƙasar Sudan muka fara manta mutanenta.

Duk wanda Allah ya nufa da tafiya bana, ya duba taswirar hanyar jirginsa. Inda layin ya karkace, akwai 'yan'uwa a ƙasa. Ya sa su cikin addu'arsa a Arfa, idan kuma ya dawo aka tashi neman musu taimako, kada ya juya baya.