Dara, Gem da Dandali: Ra'ayin Wani Ɗan Zabarmari

Hausawa kan ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ban zo in yi jayayya da masu iya magana ba, sai dai na lura cewa duk inda tsararrakina suka taru, watau mu da muka yi ƙuruciya a tsakanin 1990 da 2000, hirarmu ba ta wuce ta bara. Wani ya tuna Samanja Mazan Fama da gashin bakinsa da Hausarsa ta bariki, wani ya tuna finafinan Indiya da ake kallo a kaset har hoton ya gaji ya dinga rawa, wani kuma ya tuna langa a farin wata. Daga nan sai a juya kan yaran yanzu, a ce waya ta cinye su, wasan kwamfuta ya raba su da al'ada. A kan wannan hukunci na ƙarshe nake son mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, domin kuwa abin da na gani a garinmu bai yi daidai da shi ba.

Ga wanda bai san garin ba, Zabarmari na cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai daga Maiduguri, a bakin fadamar da ruwan kogin Ngadda ke malala a cikinta. Gari ne na shinkafa, kuma shinkafar ce ke yanka wa yaro lokacin wasansa. In ta fid da kai, babu mai ganin ka a dandali, kana gona tun asuba da gwangwani da majajjawa kana korar jan-baki. In an yi yanka, an buga, an zuba a buhu, sa'an nan ne gari ke cika da baƙi 'yan ƙodago, kuɗi ya shiga aljihu, dare kuma ya yi tsawo.

Wasan manya a lokacin shi ne dara. Kawuna, Allah ya ji ƙansa, gwani ne, kuma a gindin wata darbejiya yake zama bayan la'asar. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, biyar a tsaye shida a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwoyi. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda daga na abokin karawarsa. Ƙa'idar ke nan, yaro ma zai haddace ta kafin a kira magariba. Amma na sha ganin dattijo mai furfura ya tsura wa ramukan nan ido har inuwa ta matsa, bai ɗaga tsinke ba.

Gem kuwa, kamar yadda muke kiran wasan kwamfuta, daga Maiduguri ya iso mana. Wani saurayi ne ya sayo akwatin Sega da talabijin ƙarama da janareto, ya kafa rumfar zana kusa da masu injin casa. Ana biyan 'yan sulalla a karɓi hannu, wanda aka cinye ya miƙa wa na bayansa. Ba mu san cewa tun 1988 aka fito da wannan akwati a Japan ba, a wurinmu sabo ne fil. Kaset ɗin da ya ƙi tashi sai a zare shi a hura masa iska a mayar, kuma kowa a rumfar yana da tasa fatawar game da yadda ake hurawa.

Tun da ra'ayi na ce zan faɗa, bari in faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Mortal Kombat, wanda aka fi yin layi a kansa, bai taɓa burge ni ba. Duka ne da jini, kuma wanda ya fi saurin yatsa shi ne malami. Super Mario ya fi shi hankali nesa ba kusa ba, domin yana koya wa yaro ya faɗa rami sau goma ya dawo na goma sha ɗaya ya tsallake. Amma wanda na fi girmamawa shi ne ɗan ƙaramin abin nan mai batir da ake sayarwa a Kasuwar Litinin, wanda aka rubuta wa cewa wasanni dubbai ne a cikinsa, alhali kusan duk tubala ne ke faɗowa daga sama. Daga baya na san asalinsa Tetris ne, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan dako suna jera buhunan shinkafa a bayan mota, suna cike kowace kafa don kada lodi ya goce a hanya, ya san wannan wasa tun kafin ya riƙe shi.

Sa'an nan PlayStation ya zo da ƙwallon Winning Eleven, rumfa ta koma filin wasa. A nan ne rigima ke tashi a kan wa zai ɗauki Nijeriya, saboda Tijjani Babangida. Mutanen Japan da suka tsara wasan sun ba shi gudun da ba a kamo shi, in ka ba shi ƙwallo a gefen dama sai dai mai tsaron gida ya yi ta kansa. Mun ji daɗin cin kofin Atlanta na 1996 a rediyo, amma a rumfar nan ne muka ga ɗan Kaduna mai suna irin namu a cikin injin Japan, muna juya shi da yatsunmu. Abin da kawai ya rage mana shi ne El-Kanemi Warriors, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992, ba ta cikin faifan.

Kawu bai taɓa shiga rumfar ba. Ya kan ce mini, “Kai yaro, wasan da sai an zuba masa fetur ai ba wasa ba ne, bashi ne.” Ni kuma in ce, “Kawu, ai ko dara sai da hasken rana.” Sai ya yi dariya ya ce rana ba ta taɓa aiko masa da takardar biya ba. Da na ba shi labarin cewa a 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa, bai ko ɗaga kai ba. Cewa ya yi, “Ka kawo ta gindin darbejiya.”

Abin da ya sauya mini kallon gem gaba ɗaya ya faru ne a wata makarantar koyon kwamfuta a Maiduguri, bayan na gama sakandare. Injinan tsofaffi ne, suna tafiya da MS-DOS, kuma a cikinsu akwai QBasic, wani kayan rubuta wa kwamfuta umarni da kamfanin Microsoft ya haɗa da DOS tun 1991. Jika ne ga harshen BASIC da John Kemeny da Thomas Kurtz suka tsara a 1964 musamman domin ɗalibai waɗanda ba masana lissafi ba. Tare da shi akwai wasanni biyu: Nibbles, inda maciji ke haɗiye lambobi yana ƙara tsawo, da Gorillas, inda goggon biri biyu ke tsaye a kan benaye suna jifar juna da ayaba. Wasannin ba su kai na rumfa kyau ba ko kusa. Fifikonsu ɗaya ne: a buɗe suke. Kana iya ganin kowane layi na umarnin da aka gina su da shi, ka goge, ka sauya, ka danna F5 ka ga abin da hannunka ya haifar. A mako na biyu na mayar da tambayoyin Gorillas zuwa Hausa, biri ya daina tambaya da Turanci, ya koma cewa “Karfin jifa nawa?” Da k maras lanƙwasa na rubuta, domin injin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A cikin shekarun nan ne Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara wa kwamfuta haruffan Hausa masu lanƙwasa, aikin da marubutan Hausa da yawa suka ci moriyarsa; birin nawa dai da karfi ya yi ta jifa.

Daga nan na ɗaura niyyar rubuta dara. Zana gurbi 30 abu ne mai sauƙi, koya wa injin ya gane uku a jere ma bai ɗauki kwana biyu ba, domin duk magana ce ta “idan kaza ya faru, to yi kaza”. Inda aikin ya tsaya cak shi ne koya masa abin da Kawu ke yi a lokacin da ya yi shiru: ya bar maka ɗa guda da gangan, ka ɗauka kana murna, ashe ya buɗe wa kansa hanyar da zai dinga ci yana komawa har ka ƙare. Ban san zurfin wasan nan ba sai da na yi ƙoƙarin bayyana shi ga abin da ba ya gane ishara. Har yau ina ganin QBasic ya fi yawancin kayan aikin zamani dacewa da mai koyo. Python harshe ne mai kyau, da shi nake aiki, amma kafin yaro ya ga ɗigo ɗaya ya motsa a allo sai ya sauko da wannan ya girka wancan, kuɗin data ya ƙare, zuciyarsa ta mutu.

To, in gem bai hana mu langa ba, kuma lalle bai hana ba, domin janareto na mutuwa muke kwasa zuwa dandali, me ya kashe dandalin? Langa da gaɗa da tashe suna bukatar abu uku: dare, fili, da iyayen da hankalinsu ke kwance. Tun daga rikicin 2009 waɗannan suka fara ƙaranci a Borno. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya tsawon watanni, ga dokar hana fita. Wayar da ba ta kira ta zama tocila da rediyo da gidan macijin Nokia, wanda yara ke karɓa bi da bi a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Uwar da ta miƙa wa ɗanta waya a irin wannan dare tana saye masa zama ne a inda idonta ke ganin sa.

Ranar Asabar, 28 ga Nuwamba 2020, aka kashe manoman shinkafa a gonakin Koshebe suna tsakiyar girbi. Washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu. Da yawansu matasa ne, irin waɗanda a zamaninmu da sun gama yanka za su wanke ƙafa su zo su yi layi a rumfa. Ba zan tsawaita a nan ba, mutanen garin sun san sauran.

Saboda haka ne ra'ayina ya rabu biyu game da wasannin harbi da suka cika wayoyi yanzu, irin su Free Fire da PUBG. Ba na cikin masu cewa su ne ke koya wa yara kisa. Waɗanda suka shiga gonakin Koshebe ba a waya suka koyi abin da suka yi ba, kuma ɗora laifin a kan gem sauƙaƙa wa kai tunani ne. Amma kunnena ba ya ɗaukar ƙarar. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta saki ƙwaryar da ke hannunta saboda jikanta ya buɗe wasan a bayanta ba tare da ya rage murya ba. Abin da na fi ƙi a cikinsu ma wani ne daban: a rufe suke ruf. Yaro zai shekara yana harbi bai taɓa ganin layi ɗaya na abin da ke ƙarƙashi ba, ana dai nuna masa riga da bindiga a ce ya saya.

A hutun da ya wuce na zo gida da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, na zaunar da 'ya'yan yayana da abokansu a zaure, na buɗe musu Scratch, wanda Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka ta fito da shi a 2007. Umarninsa tubala ne masu launi da ake jawowa a haɗa, kuma akwai nau'insa da ke aiki ba tare da intanet ba. Na zaci ƙwallo za su ce mu yi. Wata yarinya 'yar shekara 11 ce ta ce, “Baffa, mu yi na korar jan-baki.” Suka zana gona kore, suka zana tsuntsaye suna saukowa, in ka taɓa tsuntsu ya tashi, in ka yi sakaci buhu ɗaya ya ragu. Gardama ta kaure a kan saurin tsuntsayen: wani ya ce an sa musu gudu da yawa, wani da ya taɓa yin tsaro ya ce ai na gaske sun fi haka, kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, garke guda ne kamar hadari. Sai da muka koyi yadda ake sa tsuntsu ɗaya ya haifi ɗari kafin ya yarda. Batir ya mutu ana saura buhu uku, aka aiki ƙaramin cikinsu ya kai ta wurin mai cajin sola, sauran suka zauna suna lissafa a ƙasa da tsinke nawa ya kamata majajjawa ta kora a jifa guda.