Baƙuwar Da Muka Tsinta A Kan Gauta

Uwargida tana da gauta gindi huɗu a bayan ɗakin girki, tana ji da su ƙwarai. Wata safiya cikin watan Agusta sai na ji salatinta, na fito na tarar an cinye rabin ganyen gindi guda. A jikin reshe kuwa ga wata tsutsa maƙale, kaurinta ya kai babban yatsa, tsawonta inci 4 ko fi, rawaya ce mai zane shuɗi a karkace, da ɗan ƙaho mai lanƙwasa a ƙarshen jikinta. Uwargida har ta ɗauko muciya, sai autarmu mai shekara 9 ta shiga tsakani tana kuka, wai a bar mata ita.

Shari'a ta faɗo kaina. Na ce tsutsa za ta bar gauta, amma ba za a kashe ta ba sai mun san ko mece ce. Muka sa ta cikin tsohon bokiti, muka rufe da gidan sauro.

Maƙwabcinmu malamin ilmin halittu ne a sakandare. Da ya duba, sai ya ce ƙahon nan ba ya harbi, ba shi da dafi, kuma ba malam-buɗe-littafi za ta zama ba, faɗa-wuta ce, irin manyan nan masu yawon dare. Ya ce wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa mata suna atropos a 1758, watau sunan wadda Girkawan dā su ke cewa ita ke yanke zaren rai. Abincinta ganyen gauta da dankalin Turawa da zaƙami. Dalilin sunan kuwa, ya ce mu jira mu gani da idonmu.

To, mai karatu, ban taɓa ganin ci irin nata ba. Ganye biyu aka yi alkawari kullum, amma kafin azahar ta lashe, auta kuwa ta riƙa satar ƙari. Ni dai na gani, ban faɗa ba.

A rana ta shida sai ta ƙi ci. Launinta ya dushe, ta sauka tana ta kewaya gindin bokiti ba hutawa. Auta ta ce, "Baba, kai ka kulle ta, ga shi za ta mutu." Maganar ta dame ni, domin ni ma zaton da na yi ke nan, har na yi niyyar in jefar da ita da dare in ce ta gudu. Allah Ya sa na fara leƙa Malam. Ya yi dariya ya ce ƙasa ta ke nema, irinsu ba su saƙa gida a reshe, binne kansu su ke yi. Muka zuba ƙasa mai laushi, muka kafa ɗan kara yadda in ta fito za ta sami abin hawa ta miƙe fikafikanta. Kafin magariba ta nutse.

Jiran nan ya fi kome wuya. Sau biyu na hana auta tonawa, sau ɗaya ita ta hana ni.

Bayan kwana 26, da dare, muka same ta a kan karan, baƙa-baƙa, cikinta da ratsin rawaya, a gadon bayanta kuwa ga siffar ƙoƙon kan mutum sarai. Na kai yatsa, sai ta yi ƙara tsit-tsit kamar ɗan ɓera. Uwargida ta ja da baya ta ce, "Malam, fitar mini da abin nan daga gida." Malamin ya ce babu mugun abu tare da ita, laifinta guda, takan kutsa cikin amya ta sha zuma.

Auta da kanta ta ɗaga gidan sauron, baƙuwa ta ƙetare katanga. Washegari da sassafe na hango uwargida tana juya ganyen gautarta ɗaya bayan ɗaya, tana neman ƙwai.