Baƙunci a Sabon Ibadan

Da la'asar motarmu ta bar Kano, muka kwana muna tafiya ta Mokwa da Jebba da Ilorin, hantsi ya yi mana a Ojoo, bakin Ibadan. Daga nan na matsu cikin 'yar Micra, irin tasin garin, mu biyu a kujerar gaba, har Mokola. Kana gangarawa unguwar Sabo kunnenka zai ba ka labari: masu canji na tare ka da "Alhaji, dala ko fam?", ga hayaƙin tsire, ga masu ɗinki sun duƙufa a kan wuyan babbar riga.

Mai masaukina dattijo ne, abokin mahaifina. A nan aka haife shi. Kakansa fataucin goro ne ya kawo shi, ba da jimawa ba bayan an keɓe wa Hausawa unguwar a 1916. Washegari ya ja ni kasuwar Bodija, kuma a can na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Tun daga bakin kasuwa harshensa ya juye Yarabanci. Wani saurayi ya hango shi, ya zube rub-da-ciki a ƙasa yana gaishe shi, ga jama'a, ga caɓi. Na ɗan kau da kai don kunya.

"Ɗana, kada ka ga baƙon abu," in ji shi. "Bayarabe zai yafe maka bashi, amma ba zai yafe maka raina babba ba."

Wajen wata mai doya sai da ya tambayi 'ya'yanta, da ciniki, da ƙafarta mai ciwo, kafin a taɓa maganar kuɗi. Da rana ya sa aka kawo mana amala da gbegiri da ewedu, ya ci har da suɗe hannu, ni kuwa barkono na ta sa ni hawaye. Ya san lokacin da dodon Oloolu ke fita, wanda mata ba sa gani, ya san titunan da ake kauce wa ranar. Ba ya zagin abin, ba ya kuma zuwa kallo.

Sai dai wannan sanin bai narkar da Sabo ba. Wani masani haifaffen Bagadaza, Abner Cohen, ya yi bincike a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya gano shi ne, cinikin shanu da goro bashi ne da amana tsakanin maigida da dillali da fatake, don haka riƙe Hausanci riƙe kasuwa ne. Ya kuma nuna yadda shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da ware masallacin Juma'arsu, suka ƙara ɗaure su wuri guda. A ganina ya yi gaskiya, ko da yake yau canji ya sha gaban goro a bakin titi.

Daren da zan tafi na ce, "Baba, ba ka tunanin komawa gida?"

Ya yi dariya. "Na je Kano biki, kwana uku suna ce mini Bayarabe. A nan kuma Bahaushe nake. Iyayena a nan Badun suke kwance. Tashi ka haɗa kayanka, motar asuba ba ta jira."