Haƙori da Haƙuri

Akwai karin magana biyu da na daɗe ina ji, ban taɓa lura suna karo da juna ba sai da magana ta zo kan bakin 'yata. Na fari, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Na biyu, sauri ya kan haifi nawa.

Sa'ad da 'yar autata ta shekara 8, ta yi famfara, sababbin haƙoranta na sama suka fito manya-manya, suka turo gaba, ga kuma tazara tsakaninsu. Yara a makarantar allo suka laƙaba mata suna Zomo. Yarinyar da dā dariyarta ke cika gida, sai ta koma rufe baki da gefen mayafi. Uwarta ta ce, "Malam, na ji ana sa wa yara waya a haƙori ta daidaita su. A kai ta tun da wuri." Mahaifiyata kuwa ta ce, "Kul! Wushirya ado ce. Ku bar mini jika yadda Allah ya yi ta." Ni kuma malamin ofis ne, albashina a ƙidaye yake, aikin nan kuwa ba na araha ba ne. Na rasa wadda zan bi.

Sai na sami rana na kai ta wurin likitan haƙori. Ya duba, ya ƙidaya, ya ɗauki hoton muƙamuƙinta, ya nuna mini waɗansu haƙora kwance cikin ƙashi ba su ko tsiro ba. Sa'an nan ya tambaya ko tana tsotson ɗan yatsa. Na ce i, in za ta yi barci. Ya ce, "Malam, ka yi daidai da ka kawo ta yanzu, amma ba yau za a sa waya ba. Lokacin dubawa dabam, lokacin gyara dabam."

Ga abin da na koya a wurinsa. Haƙoran ƙuruciya 20 ne, na girma 32. Famfara ta kan soma wajen shekara 6, ba ta ƙarewa sai wajen shekara 12. Ita waya ba da ƙarfi take aiki ba. Tura haƙori take yi a hankali, ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, wani sabo ya riƙa cike bayansa, har ya matsa kamar milimita ɗaya a wata. To, in an jera haƙora alhali sauran ba su fito ba, sau da yawa sai an sake aikin daga baya, watau biya biyu ke nan. Saboda haka yawanci a kan sa waya tsakanin shekara 10 da 14, lokacin da famfara ta ƙare ko ta kusa, ƙashi kuma bai gama girma ba.

Amma ya ce kada a ɗauka jira shi ne magani kullum. In muƙamuƙin sama ya yi ƙunci, ko haƙoran ƙasa suna rufe na sama, ko na gaba sun turo har leɓe ba ya rufuwa, akan soma gyara da wuri, don haƙorin da ya turo shi ke fara karyewa in yaro ya fāɗi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta ba da shawara a duba kowane yaro kada ya wuce shekara 7.

Muka komo gida hannu banza, uwarta ta yi kwana biyu tana fushi. Jiran nan bai yi daɗi ba ko kusa. Ran da yarinyar ta komo da kuka, ni kaina sai in ji kamar in koma in ce a sa kawai. Amma muka daure. Muka lallashe ta har ta bar tsotson yatsa, muna kai ta ana dubawa, ni kuma ina ajiye ɗan abin da ya samu kowane wata. Da fiƙoƙinta suka fito, sai tazarar nan ta matse da kanta, kamar yadda likita ya faɗa. Kakarta ta yi ta jimamin wushiryarta.

Tana da shekara 12 aka sa wayar, domin turowar ba ta tafi duka ba. A lokacin ta yi hankali, tana goge bakinta da burushi bayan kowane abinci ba sai an sa ta ba, ta bar rake da aya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama waya a baki mai dauɗa ruɓa take jawowa. Kowane mako 6 muna komawa a ɗan matse. Kafin shekara 2 aka cire, aka ba ta wani abin roba da take sawa da dare don kada haƙoran su koma gidan jiya.

Jama'a, ashe karin maganan nan biyu duk gaskiya ne. Ku yi saurin kai yaro a duba shi, sa'an nan ku yi haƙurin jiran ranar da mai sani ya sa. Wanda ya riga ya girma ma kada ya fid da rai, ana sa wa manya, sai dai nasu ya kan fi daɗewa. Yanzu in Auta ta yi dariya har ƙofar gida a kan ji. Allah ya raya mana zuriya, amin.