Nairobi, Birnin Da Ke Bakin Daji

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Jomo Kenyatta da sassafe, ya kama hanyar shiga birnin Nairobi, in ya yi sa'a ya waiga hagunsa, yana iya hangen raƙumin dawa ya miƙo wuya ta bayan shingen waya yana kallon motoci, kamar yadda su ma na cikin motocin ke kallonsa. Mai karatu kada ya zaci gidan ajiye namun daji ne irin na keji da ƙarafa. Daji ne sosai, mai faɗin murabba'in kilomita 117, bakinsa kuwa bai wuce kilomita 7 daga tsakiyar babban birnin ƙasar Kenya ba. Ma'aikacin ofis yana iya fita da asuba ya ga zaki kwance cikin ciyawa, sa'an nan ya komo ya zauna a teburinsa kafin ƙarfe tara.

Asalin garin kansa ba wani mai nisa ba ne. A cikin shekarar 1899 ne Turawan Ingila masu shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria suka yada zango a wata fadama inda makiyayan Masai ke shayar da shanunsu. Masai suna kiran wurin Enkare Nairobi, watau ruwa mai sanyi. Zangon nan shi ne ya zama gari, garin ya zama birni, har ƙidayar shekarar 2019 ta sami mutane wajen miliyan 4 da dubu 400 a cikinsa. Yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,700 daga gaɓar teku, ya ɗara Jos tudu ke nan, don haka ko da yake yana dab da tsakiyar duniya, wanda ya je a watan Yuli ba tare da rigar sanyi ba zai yi da-na-sani.

Yadda aka yi dajin ya tsira, alhali gari na ta cin ƙasa ta kowace fuska, labari ne mai ban dariya da ban tausayi. Wani Bature haifaffen Nairobi, mai suna Mervyn Cowie, ya daɗe yana roƙon gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe wa namun daji wuri, amma ba wanda ya kula shi. Da ya gaji, sai ya rubuta wa jarida wasiƙa da sunan aro, yana ba da shawarar a karkashe namun dajin ƙasar kaf, tun da ba su da wani amfani sai ɓarna. Nan fa gari ya ɗauka, waɗanda da can ba su ce uffan ba suka tashi haiƙan suna neman a kare dabbobin. Dabararsa ta ci. A watan Disamba na 1946 aka buɗe Gandun Dajin Nairobi, shi ne na farko a duk ƙasar, Cowie kuma ya zama shugaban gandayen dajin Kenya. Ban tausayin kuwa shi ne, ƙasar da aka keɓe makiyayar Masai ce tun kaka da kakanni, su da yarjejeniyoyin 1904 da 1911 suka riga suka raba da mafi kyawun wuraren kiwonsu. Ba a nemi shawararsu ba, aka dai ce su kora shanunsu su yi kudu.

Wanda ya shiga gandun ta babbar ƙofar da ke kan hanyar Langata zai tarar da fili fetal, ciyawa iyakar ganin ido, da itatuwan ƙaya jefi-jefi, da kwazazzabai masu duhuwa. Akwai zaki, da damisa, da kura, da ɓauna, da jakin dawa, da barewa iri-iri, da jimina, tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 400. Abin da gandun ya fi alfahari da shi shi ne baƙin karkanda, wanda mafarauta suka kusa ƙarar da shi a sauran sassan ƙasar saboda ƙahonsa, amma a nan ya hayayyafa har ana ɗiba ana kai wa wasu gandaye iri. Giwa ce dai babu, don wurin ya yi mata kaɗan. Doka ba ta yarda mutum ya sauka daga mota ba sai a wuraren da aka keɓe, kamar bakin kogin da dorina da kada suke, inda ake takawa a ƙasa tare da dogarin daji mai bindiga. Ɗaya daga wuraren da iyalai ke shimfiɗa tabarma su ci abinci shi ne inda Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a watan Yuli na 1989, don duniya ta san Kenya ta yi hannun riga da wannan ciniki. A cikin 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya sake ƙone tan 105 a cikin gandun. Tokar tana nan jibge ana zuwa kallo.

To, amma duk wannan ni'ima tana rataye ne a kan ƙofa guda. An kewaye gandun da waya mai lantarki ta gabas da yamma da arewa, watau fuskokin da ke kallon gari. Kudu kaɗai aka bari a buɗe, inda kogin Mbagathi ya zama iyaka, domin dabbobi su riƙa fita filayen Kitengela da damina, su komo da rani sa'ad da ruwa ya ƙafe a waje. Wannan shiga da fita ita ce ran gandun, ita ce ta bambanta shi da babban keji. Shekara da shekaru ke nan ana yanka filayen Kitengela ana sayarwa, mai fuloti ya kafa shinge, mai masana'anta ya ja katanga, garuruwan Kitengela da Ongata Rongai da Athi River suna ta bunƙasa. Wata dabba mai kama da saniya, mai gemu, wadda ake kira nyumbu da harshen Suwahili, da can dubbanta ne ke kwararowa cikin gandun kowace shekara. Yanzu ba ta taka kara ta karya ba. Tun shekarar 2000 aka fara biyan waɗansu masu filaye 'yan kuɗi a kan kowace eka don su bar gonakinsu ba shinge, amma abin da ake ba su bai kama ƙafar abin da dillalin fili ke miƙawa ba.

Ƙofar nan da dabbobi ke fita, ta nan kuma zaki ke bi ya faɗa wa garken makiyayi da dare. Duk wanda ya san abin da saniya take a wurin Bafillace ya san abin da take a wurin Bamasaye, kuma ba a yi wa mutumin da ya wayi gari ya ga gawar sarsa wa'azin amfanin masu yawon buɗe ido. A watan Yuni na 2012 mutanen yankin Kitengela suka kashe zakuna shida da masu cikin dare ɗaya, bayan sun shiga wani garke. A wannan yanki ne kuma wani yaro makiyayi, Richard Turere, wanda bai fi shekara goma sha ɗaya ba a lokacin, ya lura cewa zaki ba ya kusantar garke in ya ga mutum na kewayawa da tocila. Sai ya samo batirin mota, da ƙwayayen tsofaffin tocila, da na'urar sigina ta babur, ya jera fitilu kewaye da garken mahaifinsa suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum ne ke yawo. Zakuna suka ƙaurace wa gidan. Maƙwabta suka kwaikwaya, fitilun suka bazu har wajen Kenya. Duk da haka a cikin 2016 zakuna sun yi ta ɓullowa cikin unguwanni, ɗaya ya raunata wani dattijo a kan babbar hanyar Mombasa, wani kuma, sananne mai suna Mohawk, dogaran daji suka harbe shi a Isinya bayan taron jama'a ya rutsa shi.

Gwamnati ma ba ta bar gandun ya huta ba. Sabon layin dogon da ya tashi daga Nairobi zuwa wajen Naivasha, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2019, ta tsakiyar gandun ya ratsa bisa wata gada mai tsawon kimanin kilomita 6, duk da ƙararrakin da masu kare daji suka kai kotu. An ɗaga ginshiƙan yadda raƙumin dawa zai wuce ta ƙasa bai sunkuya ba. Layin dogo ne ya haifi garin, ga shi kuma ya dawo yana yanka dajinsa.

Ta arewacin birnin akwai wani dajin dabam, kurmin Karura, mai faɗin kimanin hekta dubu ɗaya, dab da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. A yau wuri ne na masu gudu da sassafe, da masu hawan keke, da 'yan makaranta da ake kawowa su ga magangarar ruwa da kogunan dutse waɗanda aka ce mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki. Hanyoyin ƙafa da ke cikinsa sun kai kilomita 50. Kaɗan ya rage da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A cikin 1998 ta bayyana cewa an rarraba wani babban sashe na kurmin a asirce ga masu gine-gine. Farfesa Wangari Maathai, wadda tun 1989 ta yi fito-na-fito da gwamnatin Moi har aka fasa gina bene mai hawa 60 a dandalin shaƙatawa na Uhuru, ta ɗauki mata da 'ya'yan itatuwa ta nufi Karura. Ran 8 ga Janairu, 1999, 'yan banga ɗauke da kulake da bulala suka far musu, aka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fantsama kan tituna, maganar ta kai kunnen duniya, tilas aka dakatar da ginin. An ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta rasu a 2011. Ko bayan an ƙwato kurmin, ya daɗe yana maɓoyar 'yan fashi, sai daga 2009 da mazauna kewayen suka kafa ƙungiya, aka ja waya, aka ɗauki matasan unguwar talakawa da ke maƙwabtaka aikin gadi, sa'an nan mace ta iya shiga ita kaɗai da yamma.

Gaskiya ne ba kowa ke cin wannan moriya daidai ba. Gandun dabbobi sai mai mota ko mai kuɗin haya, Karura ma akwai kuɗin shiga. Mutumin Kibera, wanda tsakanin ɗakinsa na langa-langa da shingen gandun tafiya ce kaɗan, yana iya tsufa bai taɓa ganin karkanda ba. Nasa rabon shi ne ciyawar dandalin Uhuru ran Lahadi, da ɗan kwale-kwalen da yara ke shiga a tafkin da ke ciki.

Masu ƙarfin gwiwa kuwa duwatsun Ngong suke nufa, kimanin kilomita 25 kudu maso yamma da birnin. Jerin tuddai ne kamar gaɓoɓin hannun da aka dunƙule, mafi tsawonsu ya kai mita 2,460, iska tana kaɗawa a kai ba dare ba rana, har an kakkafa manyan fankoki masu samar da lantarki. Ana shafe awa huɗu ko biyar kafin a ƙure su da ƙafa. Daga can bisa, in mutum ya dubi yamma sai ya ga ƙasa ta rufta ta zama babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka, shanun Masai suna motsi a ƙasa kamar tururuwa. In ya juya gabas zai ga benayen Nairobi, da shimfiɗar gandun a gefensu, sa'an nan daga kudu da kogin Mbagathi rufin kwano sabo fil yana ƙyalli a rana, jere-jere, a kan hanyar da nyumbu ke bi.