Daga Katsina Zuwa Jidda: Sa'o'i Nawa Ne A Sama?

Idan Allah Ya kira ki ƙasa mai tsarki, daga nan Ƙofar Sauri zuwa Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua 'yan mintoci ne a mota. Abin da ya rage kuwa, tsakanin Katsina da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, kusan kilomita 3,500 ne. Zuwa Madina ya ɗan fi haka, wajen 3,600. In jirgi ya miƙe kai tsaye ta saman Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, awa huɗu da rabi zuwa biyar ya isa.

Wannan hanyar ce kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna. Wasu su shekara biyu ko fiye, suna tsayawa su yi noma a Sudan don neman guzuri, wasu ma can suka zauna har jikokinsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi Hajji a 1921, jirgin ruwa ya bi, har ta Ingila. Sai ga shi a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka koma kewaye ƙasar da magabata suka ratsa a ƙasa, tafiyar ta ƙaru da sa'o'i, kuɗin kujera ma ya ƙaru.

To, uwargida, ga inda nake so ki natsu. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. A ce kun tashi ƙarfe 10 na safe, kun yi awa biyar. Agogonki zai ce ƙarfe 3, amma a Jidda ƙarfe 5 ta yi. Azahar ta wuce, La'asar ta yi nisa, ga layin duba fasfo yana jiranki. Mata da yawa a nan salla ke kuɓuce musu, suna ganin da sauran lokaci. Ki yi alwala tun kafin a hau, domin banɗakin jirgi matsattse ne, layinsa kuma ba ya ƙarewa. Ki tambayi malaman bita hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, da yadda ake salla a kujera in tsayuwa ta gagara.

Sannan ki san inda za ku sauka. In Madina ce, harami sai a Zul-Hulaifa ranar tafiya Makka. In Jidda ce kuma Makka za ku zarce, jirgi zai wuce daidai da miƙati kuna sama, saboda haka wanka tun daga gida, niyya kuma da zarar an yi sanarwa. Mu mata ba mu da wahalar sauya tufafi, kayan jikinmu sun isa.

Maganinki na hawan jini ko na suga, da ɗan dabino, su zauna a jakar hannu. Zaman jiran jirgi a sansanin alhazai kan fi tafiyar kanta tsawo.